Tazarar Karatu Tsakanin Baƙar Fata Da Farar Fata A Makarantun Amurka, Da Batun Koya Wa Yara Riƙon Kuɗi

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban aji ya san yara ba su zama ɗaya. Akwai mai kama abu tun malam bai rufe baki ba, akwai wanda sai an maimaita masa sau uku, akwai kuma wanda jikinsa ne kaɗai a aji, hankalinsa yana filin ƙwallo. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da zai sa malami ya tsaya ya yi tunani shi ne in ya duba sakamakon jarrabawa ya ga na sama duk 'yan unguwa ɗaya ne, na ƙasa kuma duk 'yan wata unguwa, bara haka, bana haka. To, nan ya san ruwa ba ya tsami banza.

Irin wannan al'amari ne ya daɗe yana damun mutanen Amurka game da makarantunsu na gwamnati, watau waɗanda a ke riƙe da su da kuɗin haraji, yaro ya shiga kyauta tun daga ajin farko har aji goma sha biyu. In aka yi jarrabawa aka kwatanta, sai a tarar 'ya'yan farar fata suna gaban 'ya'yan Baƙar fata, waɗanda mafi yawansu jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka ne zamanin cinikin bayi. Haka kuma su ke gaban yaran da iyayensu suka fito daga Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita. A lura fa, maganar jimla a ke yi. Akwai baƙin yaro da ya fi kowa a ajinsu, akwai farin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Yadda su ke auna wannan tazara kuwa shi ne da wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya da a ke kira NAEP a taƙaice, wadda aka fara cikin 1969. Ba kowane yaro ke yinta ba, a kan tsamo waɗansu ne daga ko'ina don su tsaya a madadin sauran. Cikin 1971, a jarrabawar karatu ta 'yan shekara goma sha bakwai, farare sun fi baƙaƙe da maki 53. Cikin 1988 tazarar ta dawo maki 20 kawai. Daga nan sai abin ya tsaya, har ma ya ɗan koma baya, gama cikin 2012 maki 26 aka samu.

Waɗannan lambobi uku sun isa su kashe bakin masu cewa abin a jini ya ke. Jinin al'umma ba ya sakewa cikin shekara goma sha bakwai. In tazara ta ragu fiye da rabi cikin wannan ɗan lokaci, lalle wani abu ne mutane suka yi ya rage ta. In kuma ta tsaya cik bayan haka, to, wani abu ne aka bar yi. Don mu gane ko mene ne, sai mu koma baya kaɗan.

Zamanin bauta, a jihohi da yawa na kudancin Amurka, laifi ne a shari'a mutum ya koya wa bawa karatu. An hana bauta cikin 1865, amma cikin 1896 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa ba laifi a raba baƙi da fari a jirgin ƙasa da sauran wuraren jama'a, muddin dai abin da aka ba wannan daidai ya ke da na wancan. Rabawar kam an yi ta sosai, daidaitawar ce ba a yi ba. Ga misali, a gundumar Clarendon ta jihar Karolina ta Kudu, wajen 1950, abin da hukuma ke kashe wa farin yaro a shekara dala 179 ne, baƙin yaro kuwa dala 43. Farare suna da motocin kai su makaranta har talatin, baƙaƙe ko ɗaya, sai tafiyar ƙasa mil da mil.

Ran 17 ga watan Mayu 1954 kotun nan ta warware hukuncinta na dā, a shari'ar da a ke kira ta Brown. Lauyan da ya tsaya wa iyayen yara, Thurgood Marshall, Baƙar fata ne, daga baya shi ma ya zama alƙali a wannan kotu. Alƙalai tara duk bakinsu ya zo ɗaya, suka ce raba yara a makaranta saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Amma faɗa daban, cikawa daban. Cikin 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya aika da soja kafin yara tara su shiga wata makarantar farare a garin Little Rock. A gundumar Prince Edward ta jihar Virginia kuwa, hukuma ta gwammace ta rufe makarantunta duka, daga 1959 har 1964, da ta ga baƙi da fari a benci ɗaya.

Akwai wata hasara da aka yi a lokacin wadda ya kamata mu masu koyon aikin malanta mu sani. Sa'ad da aka fara haɗa makarantu, yawanci na Baƙar fata a ke rufewa a kwashe yaran zuwa na farare, malamansu kuwa a sallame su. Masu bincike sun ƙiyasta malamai da shugabannin makarantu Baƙar fata wajen 38,000 ne suka rasa aikinsu cikin shekara goma da ɗoriya bayan hukuncin. Waɗannan su ne mutanen da suka san gidan kowane yaro, suka san uwarsa da kakarsa, su ke kuma sa masa rai ya zama wani abu. Yaro ya sami sabon gini da sabon littafi, ya rasa malamin da ya yarda da shi.

Duk da haka, shekarun da suka biyo baya su ne na ci gaba. Cikin 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meksiko a wani ƙaramin gari na Teksas, ya sa hannu a dokar da ta ware kuɗin gwamnatin tarayya don makarantun da matalauta suka yi yawa. Ya kuwa sa hannun ne a gaban makarantar ƙauyen da ya fara karatu, malamarsa ta farko tana zaune kusa da shi. Kotuna kuma suka matsa wa gundumomi lamba, har ya zama cikin 1988 fiye da kashi 40 cikin 100 na baƙaƙen yaran kudu suna makarantun da farare suka fi yawa. Ku dubi shekarar, ita ce dai wadda tazarar maki ta fi ƙanƙancewa. Daga 1991 kotuna suka fara sakin gundumomi daga wannan tilas, makarantu suka fara komawa gidan jiya.

To, me ya sa su ke komawa, tun da doka ba ta raba kowa yanzu? Amsar tana wajen gidaje. A Amurka yaro ya kan tafi makarantar unguwarsu ne, kuma kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin riƙon makarantu daga gunduma ya ke fitowa, yawancinsa harajin gidaje da filaye. Unguwar da gidajenta ke da tsada, ko an aza haraji kaɗan sai kuɗi su taru. Unguwar matalauta kuwa ko an tsananta haraji ba abin da zai taru. Cikin 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da waɗansu iyaye daga birnin San Antonio na Teksas suka kai kan wannan magana. Gundumarsu, Edgewood, tana kashe wa yaro dala 356 a shekara, maƙwabciyarta Alamo Heights kuwa dala 594, ga shi kuwa mutanen Edgewood sun fi su nauyin haraji bisa ga darajar gidajensu. Alƙalai biyar suka ce tsarin mulkin tarayya bai hana haka ba, huɗu suka ce ya hana. Masu biyar suka ci. Tun daga nan sai aka koma kai ƙara kotunan jihohi, jihohi da yawa kuwa sun gyara, suna ƙara wa gundumomin matalauta daga baitulmalinsu.

Su kuma unguwannin ba haka kawai suka rabu ba. Cikin shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka zana taswirar birane, suka shafa jan launi a unguwannin da su ke ganin ba da rancen sayen gida a cikinsu kasada ne, unguwannin Baƙar fata kuwa kusan duk ja aka shafa musu. Farin ma'aikaci ya sami rance mai sauƙi ya sayi gida a bayan gari, gidan ya yi ta ƙara daraja, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Baƙin ma'aikaci mai albashi daidai da nasa ya ƙare ransa a gidan haya. Sai cikin 1968 aka yi dokar hana nuna bambanci wajen sayar da gida ko ba da haya, bayan an riga an yi rabon.

Ga inda abin ya kai. Babban Bankin Amurka ya kan yi ƙidayar dukiyar gidaje bayan kowace shekara uku, watau abin da iyali suka mallaka in an cire bashin da ke kansu. A ƙidayar 2022, iyali matsakaici na farar fata yana da dala 285,000, na Baƙar fata kuwa dala 44,900. Ninki shida ke nan da ɗoriya. Dukiya kuwa ba albashi ba ce. Ita ce ke sa in uba ya rasa aiki ba a tashi daga gida tsakiyar shekara yaro ya sake makaranta ba, ita ce ke sayen littafi da tabarau, ta biya mai koyarwa da yamma. Tun cikin 1966 wani malami, James Coleman, ya bincika yara fiye da 600,000 bisa umurnin gwamnati, ya tarar halin gidan da yaro ya fito, da irin yaran da ya ke zama da su a aji, sun fi ginin makaranta da kayanta ƙarfi wajen sakamakonsa. Waɗansu suka ɗauki wannan suka ce ashe ƙara wa makaranta kuɗi aikin banza ne. Bincike na baya ya nuna ba haka ba ne. Cikin 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka bi sawun yaran da kotu ta sa aka ƙara wa makarantunsu kuɗi, suka tarar ƙarin kashi 10 cikin 100 har shekara goma sha biyu ya ƙara musu abin da su ke samu bayan sun girma da wajen kashi 7 cikin 100, amfanin kuma ya fi yawa ga 'ya'yan matalauta.

Saboda haka ne wata shaihiyar malama, Gloria Ladson-Billings, ta ce cikin 2006 a bar kiran abin tazara, a kira shi bashi. Maganarta tana da ma'ana. In ka ce tazara, ido ya kan koma kan yaron da ke baya, a yi ta tambaya me ke damunsa. In ka ce bashi kuwa, sai a tambayi wa ya ci, nawa ya taru, yaushe za a biya.

A nan ne maganar koya wa yara riƙon kuɗi ta shigo. Mutane da yawa a Amurka suka ce, tun da tushen abin dukiya ne, me zai hana a koya wa yara tun suna makaranta yadda a ke tattali, da ajiya a banki, da yadda kuɗin ruwa ke hauhawa, da yadda a ke zuba jari? Yaron gidan masu hali ya kan tsinci wannan ilmi a bakin iyayensa wajen cin abinci. Wanda gidansu ba a taɓa sayen hannun jari ba, in makaranta ba ta koya masa ba, wa zai koya masa? Jihar Utah ce ta fara tilasta wa kowane yaro ya yi wannan darasi na rabin shekara kafin ya sami takardar gama sakandare, daga 'yan ajin 2008. Ya zuwa 2024 jihohin da suka yi irin wannan doka sun haura ashirin, har da Kalifoniya wadda ta fi kowace jiha yawan mutane.

Bukatar kam akwai ta. Ku ɗauki irin rancen nan da a ke ba ma'aikaci kafin ranar albashi, wanda kantunansa suka cika unguwannin matalauta. A kan ba mutum dala 100, bayan mako biyu ya biya 115. Wanda bai iya lissafi ba sai ya ce ai ruwan kashi 15 ne kawai. Amma mako biyu-biyu sau 26 ne a shekara, 15 sau 26 kuwa 390. Watau in ya kasa biya ya yi ta sabunta rancen, cikin shekara guda zai biya ruwa kusan ninki huɗu na abin da ya karɓa, uwar kuɗin kuma tana nan a wuyansa. Yaron aji shida zai iya wannan lissafi in an nuna masa.

Shin darasin yana aiki? Nan masana suka rabu. Cikin 2014 waɗansu masu bincike uku suka tara nazarce-nazarce masu yawa suka auna, suka ce abin da darasin ke sakewa a halin mutum kaɗan ne ƙwarai, kuma ya kan dushe bayan 'yan watanni. Cikin 2022 Annamaria Lusardi da abokan aikinta suka tara gwaje-gwaje 76 daga ƙasashe 33, suka ce a'a, yana ƙara sani, yana kuma gyara hali. A jihohin Jojiya da Teksas, inda aka tsara darasin sosai aka kuma horar da malamai, an ga samarin da suka yi shi sun fi na gabansu biyan bashi a kan lokaci. Wani bincike kuma na 2016 ya zo da abin da zai faranta wa malaman lissafi rai: a jihohin da aka ƙara wa yara darussan lissafi zalla, an ga sun fi iya riƙon kuɗi da suka girma, fiye da inda aka yi dokar darasin kuɗi a takarda kawai. Abin da za a fahimta a nan shi ne, yaron da bai iya kashi cikin ɗari ba, ko an yi masa wa'azin tattali shekara guda ba zai gane takardar banki ba. Tazarar karatu da lissafi tana bin yaro har cikin ajin koyon kuɗi.

Akwai kuma wani haɗari a yadda a ke faɗar maganar. Wani ya kan yi ta kamar dai rashin sanin tattali ne ya sa Baƙar fata ba su da dukiya. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Cikin 1865 majalisar ƙasa ta ba da izinin kafa wani banki musamman don 'yantattun bayi. Mutanen da jiya-jiya ba su mallaki ko kansu ba suka yi ta kai kwabo da sisinsu, bankin ya yi rassa 37. Shugabanninsa farare suka yi ta ba da rance na ganganci ga abokansu, cikin 1874 ya rushe, mutum fiye da 60,000 suka yi hasarar kusan dala miliyan uku. An ɗauko Frederick Douglass, babban jagoran Baƙar fata, an ba shi shugabancin bankin 'yan watanni kafin faɗuwarsa, amma ya tarar ɓarnar ta riga ta gama. Bayan wannan ma ba su daina ba. Cikin 1903 wata mace, Maggie Lena Walker, ta kafa bankin ajiyar kwabo a birnin Richmond, ita ce mace Baƙar fata ta farko da ta kafa banki a Amurka, ta riƙa raba wa yara 'yan asusu don su saba da ajiya. Mutanen da suka yi wannan ba za a ce ba su san tattali ba.

Masana tattalin arziki biyu, William Darity da Darrick Hamilton, da abokan aikinsu, sun nuna cikin 2015 cewa iyalin Baƙar fata da maigidansu ya gama jami'a, a matsakaici, bai kai dukiyar iyalin farar fata da maigidansu ko sakandare bai gama ba. Dalili kuwa gado ne, da gudummawar iyaye wajen sayen gidan farko, da biyan kuɗin jami'a ba tare da bashi ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A ganina darasin kuɗi abu ne mai kyau, ya kamata kowane yaro ya same shi, amma wanda ya ce shi kaɗai zai rufe ramin da ke tsakanin dala 44,900 da dala 285,000 bai yi lissafin ba. Ga shi kuma darasin ba ya cin kuɗi da yawa, shi ya sa 'yan siyasa ke sonsa fiye da gyaran harajin makarantu.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu haɗa darasin da kuɗi na gaske. A kudancin birnin Shikago akwai wata makarantar gwamnati, Ariel Community Academy, wadda wani attajiri Baƙar fata, John Rogers, ya taimaka aka kafa cikin 1996. Tsarin da aka san ta da shi shi ne a ba 'yan aji ɗaya dala 20,000 a matsayin jarin ajinsu. Da fari manya ke juya musu, da sun yi wayo sai su fara zaɓen kamfanonin da za a sayi hannun jarinsu, suna gardama da juna da hujja. In sun gama aji takwas sai su miƙa uwar kuɗin ga sababbin 'yan aji ɗaya, riba kuwa a raba, wani kashi su yi wa makaranta alheri da shi, wani ya zama nasu. Yaron da ya ga jarin ajinsu ya faɗi da kashi 8 cikin 100 ba ya bukatar a roƙe shi ya koyi kashi cikin ɗari. Birnin San Faransisko kuma tun 2011 ya ke buɗe wa kowane yaro da ya shiga ajin share fage na makarantun gwamnati asusun banki da dala 50 a ciki, don tanadin karatun gaba.

Jihar Connecticut ta wuce nan. Duk jaririn da aka haifa daga ran 1 ga watan Yuli 2023, in gidansu na masu ƙaramin ƙarfi ne da gwamnati ke biya wa kuɗin asibiti, jiha ta kan ajiye masa dala 3,200 ta riƙa juya su. Ba a duba launin fata, amma da ya ke talauci ya fi yawa cikin Baƙar fata da 'yan asalin ƙasashen kudu, su za su fi amfana. Ku gwada da 'yan ajinku: in kuɗin suna ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 kowace shekara, riba tana hawa kan riba, bayan shekara goma sha takwas za su kusa dala 11,000. Ba a ba yaro su ya kashe yadda ya ga dama. Sai don sayen gida, ko kafa sana'a, ko biyan kuɗin karatu, ko tanadin tsufa, tsakanin shekara goma sha takwas da talatin. Dokar kuma ta ce kafin ya karɓa sai ya yi darasin riƙon kuɗi. Jariran farko za su cika shekara goma sha takwas cikin 2041.